Marurun da Ya Buɗe Baki: Lacca a kan Wani Fim na Ingila da Sana'ar Talla

   

Waɗanda suka gayyace ni sun nemi in yi magana a kan wani nau'i na finafinan Ingila, wato waɗanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ke shiryawa, suna cakuɗa ban dariya da al'amuran da hankali ba zai ɗauka ba, alhali kuwa manufarsu ita ce sukar halin da jama'arsu ke ciki. In na ce zan bi su ɗaya bayan ɗaya, za a kira sallar lisha ban kai rabi ba, saboda haka na zaɓi guda ɗaya tak, wanda ya fito a shekarar 1989, mai suna How to Get Ahead in Advertising, wato yadda mutum zai yi gaba a sana'ar talla. Bruce Robinson ne ya rubuta shi, shi ne kuma ya ba da umarni, Richard E. Grant ya fito a matsayin jarumi, kamfanin HandMade Films kuma ya zuba kuɗi. Ba shi ne mafi shahara a cikin 'yan'uwansa ba, ba kuma shi ne mafi kyawun tsari ba, zan ma faɗi aibinsa kafin in zauna. Na kuma san cewa akwai wanda zai ce a ransa, "Ashe don a ba mu labarin maruru aka tara mu?" Ina roƙonsa ya yi mini haƙuri na ɗan lokaci. Tun da wuri kuma ina gargaɗin iyaye cewa fim ne mai ɗanyen harshe, ba wanda za a kunna wa yara a tsakar gida ba ne.

Na farko, labarin kansa.

Akwai wani mutum a Landan mai suna Denis Dimbleby Bagley, gwani ne a wani babban kamfanin tallace-tallace, irin gwanin da in aka kawo masa hajar da ta ƙi shiga kasuwa, to kafin mako ya zagayo ya samo kalmomin da za su sa mutane su yi layi a kanta. Yana da gida na alfarma a bayan gari, da mota, da mata mai hankali da ake kira Julia, wadda Rachel Ward ta fito a matsayinta. A farkon fim muna ganinsa yana karantar da ƙananan ma'aikata yadda ake sayar wa matan aure abinci marar amfani da sunan lafiya, yana yi yana zuba izgili a kan mutanen da daga aljihunsu yake ci. Sai aka ba shi aikin tallar wani man shafawa na maganin ƙurajen fuska. Abin mamaki, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba, a kan wannan ɗan ƙaramin aiki basirarsa ta toshe; ya kwana ya wuni yana tunanin ƙuraje, mai gidansa na matsa masa lamba, masu maganin na jira, shi kuwa ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa.

Ana cikin haka, wata rana a jirgin ƙasa ya ji wasu fasinjoji suna jajanta wani labari da suka karanta a jarida, cewa 'yan sanda sun kama wata jaka wadda mai yiwuwa akwai muguwar ƙwaya a cikinta. Bagley ya tanka musu ya ce in dai "mai yiwuwa" ne, to mai yiwuwa ne kuma abinci ne a ciki. A nan ne abin ya faɗo masa, cewa dabarar da yake sayar da sabulu da ita, da ita ce ake sayar wa jama'a labari, da ita ake sayar musu da tsoro, da ita kuma ake sayar musu da shugabanni. Ya koma gida kamar wanda aka yi wa wahayi. Da gari ya waye matarsa ta tarar da shi kusan tsirara, yana ta tattara kayan gida da na abinci yana lalatawa, wai yana tsarkake gidan daga duk abin da talla ta taɓa. Ya ce ya bar aikin har abada.

To, daga nan ne fim ya saki hanyar da aka saba. Wani maruru ya fito masa a kafaɗar dama, ya yi ta girma, har wata rana yana duba madubi ya ga marurun ya yi idanu, ya yi baki, ya kuma yi masa magana. Me yake faɗa? Ba komai ba sai irin maganganun da Bagley ya tuba daga gare su: kirarin haja, da zaƙin baki, da ba'a ga duk mai tausayin talaka. Marurun kuwa makiri ne, ba ya tankawa sai ya ga idon mutane ya kauce, don haka kowa ya ɗauka Bagley ne ke maganar, kowa kuma ya tabbata ya zautu. Har ta kai shi ga kifa kwali a kansa in zai faɗi wani sirri, don kada abin da ke kafaɗarsa ya ji. Aka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, daga can aka yanke shawarar a yi masa aiki a asibiti. Daf da shiga ɗakin tiyata sai marurun ya kumbura ya zama cikakken kai, mai kama da na Bagley sak, sai dai shi yana da gashin baki. Ya lulluɓe kan na asali, ya miƙa shi ga likitoci. Su kuwa suka tsaga wanda aka miƙa musu. Ba wanda ya lura cewa ciwon ya tashi daga dama ya koma hagu, ba kuma wanda ya tambayi inda gashin baki ya fito.

Sabon Bagley ya fito daga asibiti garau, ya koma ofis aka karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma zo da dabarar da ta gagari na da: a fara sa wa mutane sha'awar ƙuraje har su zama abin ado, in sun yaɗu ko'ina sai a juya a kushe su, sannan a fito da magani. Matarsa ta gaji da muguntarsa ta tafi. Tsohon kan ya yamushe a kafaɗa, bai mutu ba, amma ba mai jin sa. Fim ya ƙare da sabon Bagley a kan doki, ya hau wani tudu a karkarar Ingila, yana huɗuba a kan motoci da tituna da haƙƙin kowa ya sayi abin da ransa ke so.

Na biyu, zamanin da ya haifi wannan labari, domin wanda bai san Ingila ta shekarun 1980 ba zai ɗauka hauka ce kawai.

A wancan zamani talla a talabijin ba ta daɗe ƙwarai a ƙasar ba. Sai a watan Satumba na 1955 aka buɗe tashar ITV mai zaman kanta, tallar farko da aka nuna kuwa ta man goge haƙori ce. Amma cikin shekara ashirin da 'yan kai sana'ar ta yi ƙarfin da har ta shiga zaɓen shugabanni. A 1978 kamfanin Saatchi & Saatchi ya yi wa jam'iyyar masu ra'ayin riƙau wani hoto da aka manna a alluna, na dogon layin mutane a ƙofar ofishin marasa aikin yi, da nufin nuna cewa gwamnatin Leba ta gaza. Daga baya ta bayyana cewa mutanen da ke cikin hoton ba marasa aiki ba ne, 'yan jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ne ƙalilan daga unguwar Hendon, aka yi ta ɗaukarsu ana jera hotunan har suka zama taro. Margaret Thatcher, shugabar wannan jam'iyya, ta ci zaɓe a 1979. Lokacin da aka manna hoton, marasa aikin yi a Birtaniya wajen miliyan ɗaya da rabi ne. Zuwa farkon 1982 sun haura miliyan 3. Ku dubi wannan al'amari, jama'a: an zana layin ƙarya don a sami mulki, da aka samu sai layin gaskiya ya ninka.

A shekarun da suka biyo baya gwamnati ta shiga sayar da kamfanoninta, na tarho a 1984, na iskar gas a 1986, na ruwa a 1989, kowanne kuma sai da aka yi masa gagarumar talla don a jawo talakawa su sayi hannun jari a abin da dama da harajinsu aka gina shi. A 1986 ɗin nan aka sassauta dokokin kasuwar hannun jari ta Landan, samari 'yan shekara ashirin da wani abu suka fara samun dukiyar da iyayensu ba su taɓa mafarki ba, a daidai lokacin da garuruwan masu haƙar kwal a arewacin Ingila da Wales ke mutuwa bayan an murƙushe yajin aikinsu na 1984 zuwa 1985. A 1986 ɗin ce kuma Saatchi & Saatchi ya zama kamfanin talla mafi girma a duniya.

Maganar jirgin ƙasa da mota da ke yawo a cikin fim ɗin ma tana da asali. Tun 1963 rahoton Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshin jirgi sama da 2,000, aka kuwa rufe mafi yawansu. A 1986 Thatcher ta buɗe titin M25 da ya kewaye Landan, a 1989 kuma, shekarar da fim ya fito, gwamnatinta ta shelanta wani shirin gina tituna da ta yi alfaharin cewa ba a yi irinsa ba tun zamanin Rumawa. Saboda haka in kun ji tsohon Bagley na son jirgin ƙasa, marurun kuwa na ƙinsa ƙi mai tsanani, to ba batun sufuri ake yi ba. A jirgi ana zama tare, a tashi tare, a isa tare. A mota kowa shi kaɗai ne da sitiyarinsa. Saɓanin aƙida ne tsakanin masu cewa jama'a jiki guda ce da masu cewa kowa tasa ta fisshe shi.

Na uku, wa ya biya kuɗin irin wannan fim? Wannan zan wuce shi da sauri, amma ba ya tsallakuwa.

A 1946 an sayi tikitin sinima sama da biliyan ɗaya da rabi a Birtaniya; a 1984 abin ya zube zuwa miliyan 54. A 1985 gwamnati ta soke harajin da ake cirewa daga tikiti ana tallafa wa masu shirya fim na gida. Wane babban kamfani ne, a irin wannan kasuwa, zai zuba dukiyarsa a labarin maruru mai magana? HandMade Films na George Harrison ne, ɗaya daga mawaƙan Beatles, da abokin kasuwancinsa Denis O'Brien. Sun kafa shi a 1978 lokacin da kamfanin EMI ya janye hannunsa daga wani fim na 'yan barkwancin Monty Python, saboda tsoron abin da zai tayar wajen mabiya addinin Kirista, har Harrison ya jinginar da gidansa don a gama aikin. Wannan kamfani ne ya yi Time Bandits a 1981, da Mona Lisa a 1986, da Withnail and I a 1987, wanda shi ne fim na farko da Robinson ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito da Grant, haifaffen Mbabane ta ƙasar Swaziland, wadda yanzu ake kira Eswatini. Robinson kuwa tsohon ɗan wasa ne da ya koma rubutu, shi ya tsara labarin The Killing Fields na 1984. Kada dai mu ɗauka 'yancin nan kyauta ne. Kamfanin ya yi ta tafka asara, aka sayar da shi a 1994, Harrison kuma ya kai O'Brien kotu ya yi nasara a kansa. Akwai kuma abin murmushi a ciki: fim mai tsine wa kasuwa, da ribar faifan waƙa aka yi shi.

Na huɗu, kuma nan ne zan fi daɗewa: me ya sa maruru?

Mai hankali zai iya tambaya, in Robinson na son ya soki masu talla, me ya hana shi ya ba mu labari irin na duniya, na ma'aikacin da zuciyarsa ta dame shi ya ajiye aiki, ya sha wahala, ko ya yi nasara ko ya faɗi? An yi irin waɗannan da yawa, kuma duk suna da lahani guda, wato suna raba duniya gida biyu, ga mugu can, ga nagari nan, mai kallo kuma ko yaushe yakan zaunar da kansa a gefen nagari, ya fito daga sinima yana jin daɗin kansa. Marubutan Turai sun daɗe da gano cewa wani lokaci mustahili ya fi mai yiwuwa faɗin gaskiya. Jonathan Swift a 1729, da ya ga yunwa na cin talakawan Ayalan masu mulki sun toshe kunne, sai ya rubuta maƙala da muryar masanin tattalin arziki, yana ba da shawara cikin natsuwa cewa a riƙa sayar da jariransu ga masu kuɗi a matsayin nama. Gogol na Rasha a 1836 ya ba da labarin hancin da ya gudu daga fuskar mai shi ya zama babban ma'aikacin gwamnati. Stevenson a 1886 ya raba likita guda ya zama mutum biyu. Daga baya Ingilishi suka zuba wannan gado a rediyo da talabijin, daga shirin Goon Show na shekarun 1950 zuwa Monty Python. A wannan silsila marurun Bagley ya fito.

Amma ku lura da abubuwa uku da Robinson ya yi da shi. Da farko, bai kawo aljani daga waje ya shiga jikin Bagley ba, bai kuma kawo wani mugun attajiri ya saye shi ba. Daga naman jikinsa abin ya tsiro, da jininsa ya girma, kalmomin da yake furtawa kuma duk nasa ne na jiya. Malamanmu na tasawwufi za su gane wannan tun kafin a gama faɗa, domin sun yi dogon bayani a kan nafsu ammara, wadda ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce, ta san duk inda aka ajiye makullai, kuma ba ta yi wa mutum magana sai da muryarsa. Ba ina cewa Robinson ya karanta littafin Ihya'u na Imam Gazali ba ne. Ina cewa ciwon da ya zana sananne ne a wurinmu.

Sannan, yaushe marurun ya fito? Bai fito ba sa'ad da Bagley ke tsakiyar yaudara yana cin riba. A lokacin fatarsa sumul take. Sai da ya tuba. Wannan ita ce fahimta mafi zurfi a fim ɗin a ganina, cewa mutum ba ya jin nauyin halinsa sai ranar da ya yi niyyar rabuwa da shi, kuma shekarun da ya yi yana shuka wata ɗabi'a ba sa gushewa don ya farka wata safiya ya ce ya daina.

Na ukun shi ne mafi ɗaci, wato hukuncin da jama'a suka yanke tsakanin kawunan biyu. Bagley mai gaskiya ba ya barci, ba ya aski, yana ihu, yana fasa kaya, yana kunyata matarsa gaban baƙi. Bagley na maruru kuwa tsaf yake, ya iya gaisuwa, ya iya sa tufafi, yana zuwa aiki a kan lokaci. In da ku ne likitocin, Allah ya gafarta malamai, wanne za ku tsaga? Kada mu yi saurin zarginsu. Ba mugunta suka yi ba, ba kuma cin hanci suka karɓa ba. Ma'aunin lafiya da al'ummarsu ta ba su shi suka yi aiki da shi, ma'aunin kuwa ya ce mai lafiya shi ne wanda ya koma bakin aikinsa yana kawo riba. Ta wannan hanya fim ya ɗauke tuhuma daga kan mutum ɗaya ya ɗora ta a kan asibiti da ofis da maƙwabta baki ɗaya, kuma ba na jin labari irin na zahiri zai iya yin haka cikin minti biyar kamar yadda wannan tiyata ta yi. Dariya ake yi a wurin, amma dariyar da kan tsaya wa mutum a maƙogwaro.

Haka nan huɗubar ƙarshe. An ɗora ta a kan wani kiɗa na Gustav Holst wanda Ingilishi suka mayar waƙar kishin ƙasa, suna rera ta a coci da manyan bukukuwa. Ga koren tudu, ga rana, ga kiɗan da ke sa tsofaffinsu hawaye, ga kuma maruru na wa'azin haɗama. Robinson na nuna cewa har son ƙasa an mayar da shi takardar naɗe haja.

Na biyar, shin dabarar nan ta a yaɗa ciwo sannan a sayar da magani, ƙagen mai fim ce?

Ƙari ya yi, amma bai ƙaga ba. Listerine tun 1879 ake yinsa a Amurka a matsayin ruwan kashe ƙwayoyin cuta wajen tiyata. A shekarun 1920 masu shi suka tono wata kalmar likitanci mai nufin warin baki, suka cika jaridu da hotunan 'yan matan da suka rasa miji da samarin da aka guje su, suna nuna cewa mutum ba zai san yana da wannan aibi ba, aminansa kuma ba za su gaya masa ba. Ciniki ya bunƙasa ninkin ba ninkin. Warin baki dai tun fil azal akwai shi; abin da suka ƙera shi ne fargaba. Masanin tattalin arziki John Kenneth Galbraith ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1958, inda ya nuna cewa a ƙasashe masu wadata masana'anta ba biyan buƙata kaɗai take yi ba, ita ce ke haifar da buƙatar da za ta biya.

Fiƙihunmu ya yi magana mai yawa a kan ciniki: ya hana algus, ya hana ɓoye aibin haja, ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba sai don ya ruɗi wani. Imam Gazali, a babin ladubban neman abinci, ya hana ɗan kasuwa yabon hajarsa da abin da ba ta da shi. Amma ina so in ajiye wa malamanmu wata mas'ala su tafi da ita: duk waɗannan hukunce-hukunce a kan aibin haja suke. To yaya hukuncin wanda bai yi ƙarya a kan hajarsa ba ko kaɗan, sai dai ya sa mai saye ya ga aibi a jikin kansa? Ba sai mun je Landan ba. Ku tsaya a bakin kowace babbar kasuwa tamu ku saurari mai maganin da ya ɗora lasifika a kan mota, yadda zai lissafo alamomin da ba mai rai da ba ya jin ɗaya daga cikinsu, kasala, ciwon baya, nauyin jiki da safe, har sai mai wucewa lafiyayye ya tsaya ya laluba aljihu. Ku dubi kuma man bilicin, wanda ba zai sayu ba sai an fara gamsar da yarinya cewa launin da Allah ya halicce ta da shi ciwo ne. Bagley na maruru zai ga waɗannan ya san 'yan'uwansa ne, sai dai ya raina musu jari.

Na shida, aibin fim ɗin, kamar yadda na yi alkawari.

Masu sharhi da yawa a lokacin sun ce wa'azi ya yi masa yawa, ina kuma ganin sun yi gaskiya. A Withnail and I, Robinson ya bar mutanensa su rayu, su yi wauta, mai kallo ya tsinci ma'ana da kansa, shi ya sa har yau Ingilishi ke ƙaunar wancan fim fiye da wannan. A nan kuwa fushinsa da gwamnatin Thatcher ya rinjayi alƙalaminsa, har akwai wuraren da za ka ji ba Bagley ke magana ba, marubuci ne ya ture shi ya hau mumbari. Julia, wadda ita kaɗai ce mai cikakken hankali a gidan, ba a ba ta komai ba sai kallo da damuwa. Talakawan da ake cewa ana kare su kuwa, kusan ba a ganinsu. Ana maganarsu ne kawai, kuma tsohon Bagley da sabo duk sun haɗu a kan abu guda, cewa jama'a garke ne da ake kaɗawa. A nan na saba da Robinson. Matar da ke auna kuɗin cefane ta san ƙaryar mai talla fiye da yadda masu fim ke zato, sau da yawa tana saye ne tana sane, don wani dalili nata da ba a tambaye ta ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan. Duk jawabin da ya fi daɗi a fim ɗin, na marurun ne. Grant ya fi armashi in ya sa gashin baki, kalmomin sun fi kaifi, mai kallo kuma yakan sami kansa yana jiran mugun ya sake magana. Muryar marurun kafin ya zama kai, Robinson ne da kansa ya yi ta. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin gazawa, cewa ya zo kashe maciji ya ɓuge da yi masa ado. Ni ina ganin rabi gazawa ce, rabi gaskiya ce da ta fi ƙarfin mai faɗinta, domin mai rubuta fim da mai rubuta talla sana'arsu ɗaya, dukansu da zaɓen kalma da kiɗa da hoto suke juya zuciyar mutum, kuma Robinson ya san haka sarai. Bayan wannan fim ya tafi Amurka ya yi Jennifer 8 a 1992, bai ji daɗin yadda manyan kamfanoni suka yi da aikinsa ba, bai kuma sake ba da umarni ba sai a 2011.

Shugaban zama ya ɗago mini agogo, na kuwa gani.   Yanzu fili naku ne: mai tambaya, ko gyara, ko wanda bai yarda da abin da na faɗa a kan likitocin nan ba, ya ɗaga hannu, shugaba zai ba shi dama.